Shamai a tarin gyaɗa da riɗi: magani za ka saya, ko tamfol da 'yan tsiga?

Ba a gona na fara ganin ɓarnar shamai, ƙwaron nan mai tsotse man gyaɗa da riɗi, ba, a tsakar gidan gwaggona na gan ta. Sana'arta ƙuli-ƙuli tun kafin a haife ni, kuma duk kaka ita ke fara sayen gyaɗarmu. A waccan shekarar ta soya, ta murje, aka kai inji aka markaɗo, ta zauna tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa. Aka daɗe mai bai taso ba. Da ya taso ɗin ma, kwalbar da ta saba cika har ta nemi wata, ko wuya bai kai mata ba. Ta ɗanɗana tunkuzar, ta yamutsa fuska, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wannan gyaɗar taku ai an riga ni matse ta. Kwana nawa kuka bar ta a tsibi?"

Mako uku muka bar ta, saboda aikin gero ya sha kanmu. Washegari da sassafe na koma gona inda sauran tsibi biyu suke, na sa hannu na ɗaga gefen ɗaya. Ƙasan wurin kamar an watsa baƙin riɗi yana gudu: manya masu launin ƙasa-ƙasa da duhu, ƙanana jajaye-jajaye marasa fiffike, kowa na neman inda zai ɓuya. Kafin in ƙirga goma sun shige cikin rairayi da ƙarƙashin ganye, kamar ba a yi ba.

Wanda ya raɗa wa ƙwaron nan suna ya gama bayani: mai yake sha. Masana na kiransa Elasmolomus sordidus, a tsofaffin littattafan noma kuma za ka ga an rubuta Aphanus sordidus. Tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba. Ba ya tauna, ba shi ma da haƙoran yi. Bakinsa siririn tsinke ne da yake sokawa ta ɓawon gyaɗa ko ta kwanson riɗi har ya kai ga ƙwaya, ya tsotse. Shi ya sa ba ka ganin huji. Idan ka ga buhun gyaɗa da ramuka zagaye a jikin ɓawo, wannan aikin wani ƙwaron ne dabam, wanda ke hayayyafa a 'ya'yan tsamiya da kalgo kafin ya shigo rumbu. Na shamai sai ka ɓare: ƙwaya ta motse, ta yi tamoji, ba nauyi, ka tauna ka ji ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro. Man da ya rage a cikinta ma ya fara lalacewa, kuma in iri ka yi niyya, tsironsa zai ba ka kunya.

Halinsa uku ne ya kamata manomi ya riƙe, domin duk wata dabara a kansu take tsayawa ko ta faɗi. Da dare yake cin abinci, da rana ya ɓuya a inuwa mai ɗan sanyi, kuma babu inuwar da ta fi masa ƙarƙashin tsibi. Ƙwansa a ƙasa mai laushi yake sakawa, ko a jikin harawa, wato jigawar nan da gyaɗa da riɗi suka fi so ita ce shi ma ta fi yi masa daɗi. Sannan daga ƙwai zuwa babban ƙwaro abin bai fi wata guda da 'yan kwanaki ba, 'ya'yan kuwa tun suna ƙanana suke tsotso. Tsibin da ya kwana uku baƙi kawai yake ciyarwa. Wanda ya yi mako uku ya zama gidan haihuwa. Ba mu kaɗai yake damu ba: manoman riɗi na Gadarif a Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune, sun san shi sarai, haka manoman gyaɗa na Senegal da Indiya.

Idan kaka ta zo, hanyoyin da ke gaban manomi a zahiri uku ne. Ko ya bar amfaninsa a tsibi yadda aka saba ya sa magani, ko ya yi gaggawar raba ƙwaya da gona ya shanya a kan tamfol ko daɓe, ko kuma ya bar shi a gonar amma ya ɗaga shi daga ƙasa. Akwai masu haɗawa da darbejiya da toka, zan zo kansu. Amsar gyaɗa ba ita ce amsar riɗi ba, kuma wannan ne wurin da na ga mutane sun fi yin kuskure.

Mu fara da magani, tun da shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa. Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Mutum ɗaya da famfon feshi a baya zai zaga tsibin kadada guda kafin hantsi, a lokacin da ko da kuɗi a hannu 'yan ƙwadago sun yi wuya, kowa na yankan gero ko roron wake. Kuma yana kashewa. Magungunan da ke kashe ƙwaro idan sun taɓa jikinsa, irin su saifametrin da lamda da ake sayarwa a kowace kasuwar ƙauye, suna kwantar da shamai in sun same shi.

In sun same shi ɗin. A nan gizo ke saƙa. Yawancin masu feshi da hantsi ko da rana suke yi, su jiƙa saman tsibi su tafi, alhali ƙwaron yana can ƙasa cikin rairayi. Abin da ya sha maganin shi ne harawa da ɓawo da kwanson riɗi, wanda aka yi domin shi kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ƙwan da ke cikin ƙasa ba ruwansa, bayan 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe. Manyan kuma suna da fiffike, daga gonar maƙwabci za su zo. Sai a sake feshi, a ƙara ƙarfi, wani ma ya haɗa kala biyu. Wanda ya san aikin, ƙasa yake sa wa magani kafin ya ɗora tsibi, da kewayen tsibin, da yamma liƙis lokacin da ƙwarin ke shirin fitowa. Wannan ya fi tasiri, kuma ya fi nisa da abin da za a ci.

Sai lissafin da ba a cika yi ba. Harawar gyaɗa kuɗi ce, a wasu shekarun ma tana neman kamo ƙwayar, musamman in an ajiye ta zuwa bazara ko gab da babbar salla lokacin da masu kiwon raguna ke nema ido rufe. Harawar da aka jiƙa da guba, wa za ka ba? Tumakin gidanka? Ƙwayar kuma mai ce kusan rabinta, gyaɗa da riɗi duka, kuma yawancin magungunan nan a cikin mai suke narkewa su zauna. Ruwa ba ya wanke su yadda yake wanke ƙura. Wanda ya fesa wa riɗi magani bayan kwanso ya fara buɗe baki, kai tsaye cikin kantun riɗin da yara za su ci ya fesa.

Kasuwar waje ma ba ta yafe wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin da muke kira fiya-fiya, wanda aka riƙa samu fiye da ƙa'ida nesa ba kusa ba. Wake ne abin ya faɗa wa, amma riɗi ya fi shi zama a bakin wuta, domin mafi yawan riɗin da ake tarawa a Maigatari da Dawanau ƙasashen waje yake tafiya, irin su Japan da Sin da Turkiyya, kuma can sai an gwada kaya a ɗakin bincike. Ƙaramin manomi zai ce ina ruwana da Japan. Ruwansa shi ne farashin da dillali zai faɗa masa baɗi. Fiya-fiya dai ba ta da gurbi a kan tsibi ko cikin buhu. Maganin Gamalin da iyayenmu suka sani an haramta sinadarinsa a duniya tun 2009. Ƙwayar nan mai fitar da hayaƙi da ake jefawa a buhu kuwa ba ta aiki a fili, iska ce ke kwashe ta, a ɗakin da mutane ke kwana kuma kisa take yi.

Ba ina cewa magani ba shi da rana ba ne. Yana da ita, kuma zan faɗe ta in mun zo kan riɗi. Amma a gyaɗa, a ganina, shi ne zaɓi na ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce wadda gwaggona ke nufi da tambayarta: kada a ba shi lokaci. Ka tuge gyaɗa, ka kakkaɓe ƙasa, ka kife ta a kan kunya 'ya'yan na kallon sama, ba a tsibi ba. Kwana biyu zuwa uku ta sha iska, igiyar ta yi laushin tsinkewa, sai a tsige. 'Ya'yan su tafi kan tamfol ko daɓen siminti, harawa a ɗaure a hau da ita bishiya ko rufin ɗaki. Shamai bai samu inuwa ba, bai samu kwanakin da zai yi zuri'a ba.

Wannan hanyar tana da wata riba da ta fi ta shamai girma. Gyaɗa na fitowa daga ƙasa da ruwa a jikinta, sau da yawa fiye da kashi 35 cikin 100, kuma ba ta da aminci a buhu sai ya sauko ƙasa da kashi 10. Duk kwanan da ta yi a tsibi tana gumi, dama ce ga funfunar nan mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke taɓa hanta har ta kai ga ciwon daji, ake kuma danganta ta da tsumburewar yara. Duniya ta san gubar ne bayan 1960, da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Yau Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce maikirogiram 4 a kilo guda. Feshin maganin ƙwari ba ya taɓa funfuna ko kaɗan, ƙara wa tsibin laima ma yake yi. Shanya da wuri kuwa jifa ɗaya ce tsuntsu biyu.

Tsadarta hannu ne. Tsigar gyaɗa ɗanya ta fi ta busasshiya wuya, yatsu na ciwo, ba a kuma iya bugunta da sanda yadda ake yi wa wadda ta bushe ƙamas a tsibi. Mata da yara ne ke yin aikin a yawancin wurare, ana biyansu da kwano ko da kuɗi, kuma a makon da kowa ke nemansu. Mai gyaɗa rabin kadada da iyali a gida, wannan ba matsala ba ce, kwana biyu an gama. Mai kadada biyar sai ya yi dabara: kada ya tuge duka rana ɗaya. Ya tuge abin da 'yan tsigarsa za su iya cinyewa cikin kwana uku, in sun kusa gamawa ya tuge na gaba. Gyaɗar da ke cikin ƙasa shamai bai kai gare ta ba. Sai dai kada a wuce gona da iri a jinkirin, don irin da ba ya barci, kamar 'yar Dakar, in ya nuna ruwa ya taɓa shi zai tsira a cikin ƙasa, ga gara, ga ƙasa in ta bushe ta riƙe rabin 'ya'yan.

Tamfol ma yana da nasa sharaɗin, wanda na koya da asara. Idan ka shimfiɗa shi a gefen gona ka bar gyaɗa a kai ta kwana, ka gina wa shamai sabon gida ne: da rana yana ƙarƙashin tamfol, da dare ya hau. Raɓa kuma ta sauka, leda ba ta tsotsewa, ƙasan shanyar ya jiƙe. Dole shanya ta zama siririya, kada ta wuce tsawon yatsa, a riƙa juyawa, da la'asar a tattara a rufe ko a shigar ɗaki, da safe a ɗaga tamfol a share ƙarƙashinsa kafin a sake bazawa. Kwana biyar zuwa mako guda na rana mai kyau yakan isa. Alamar ita ce ka ɗebi cikin hannu ka girgiza ka ji tana ƙara, ka ɓare ka ciza ta karye ƙas, ba ta lanƙwashe ba. Masu shanya a gefen kwalta kuma, ban da ƙura da baƙin mai da tayar mota, zafin kwalta na dafa ƙwayar, in iri ce ta tashi aiki.

Akwai abin da ya ƙara wa wannan hanya nauyi a 'yan shekarun nan. Irin gyaɗa mai saurin nuna, kamar SAMNUT 24 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, cikin kwana 80 zuwa 90 yake isa tuga. Wanda ya shuka a ƙarshen Yuni, a Satumba zai tuge, ruwa bai ɗauke ba. Tsohuwar al'adar barin gyaɗa a tsibi an gina ta ne a kan irin da ke nuna bayan ruwa ya tafi, iska ta fara bushewa. Ka ɗauki sabon iri ka yi masa tsohon tsibi, ruwa ɗaya ya isa ya haɗa maka shamai da funfuna da baƙar harawa a wuri guda.

Hanya ta uku ta tsaka-tsaki ce, ga wanda hannu bai ishe shi ba kuma ba ya son guba. A kafa 'yan sanduna a yi gado mai tsawon gwiwa, ko a jingina su kamar rufin bukka, a ɗora gyaɗar da ganyenta, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Harawa na bushewa da korenta, wanda masu saye ke so, ruwa in ya zo yana zarcewa, gara ba ta samu. Game da shamai kuwa, gaskiya ragi ne ba magani ba. Ƙwaron yana hawa, yana tashi, kuma tarin ganye mai kauri ko a sama yake inuwa ne. Abin da ka raba shi da shi shi ne ƙasa mai laima da yake ɓuya ya yi ƙwai, shi ma sai in ka share ƙarƙashin gadon tas, rana na dukansa. Ga kuma neman itace, a yankin da ko na girki sai an saya. Wanda ya riga ya tara sanduna yana amfani da su shekara da shekaru, ya ci riba. Wanda zai fara bana da kadada uku, kuɗin sandunan da na kafawa zai iya biyan 'yan tsiga. Ni ina ganin ta a matsayin wurin jira: ta ba ka mako guda ko kwana goma maimakon kwana uku, ba wata guda ba.

To, riɗi. Duk abin da na faɗa na gaggawa a nan ya ci karo da bango, domin riɗi ba a tsige shi. Ana yanka shi ne da ɗanyensa, lokacin da ganye ya fara zuba, kwanson ƙasa ya yi rawaya amma bai tsage ba. In ka jira ya bushe a tsaye, ƙasa ce za ta ci. A ɗaure dami-dami, a tsayar kai sama a jingina da juna, a jira kwanso ya bushe ya buɗe da kansa, kusan mako biyu, sannan a kife a kaɗe. Wato dole ne ya zauna, kuma zaman nan shi ne abin da shamai ke jira. Ƙwayar riɗi ƙarama ce, tsotso kaɗan ya mayar da ita ƙaiƙayi, in an zo sheƙa iska ta tafi da ita. Manomi sai ya ga dammansa sun yi yawa amma buhu bai cika ba, ya ɗora laifin a kan taki ko iri.

Tun da ba za a iya rage kwanakin sosai ba, abin da ya rage shi ne wuri da yadda aka tsayar. Kafa damman a tsakiyar gona a kan rairayi, cikin ganyen da ya zube, shi ne mafi sauƙi kuma mafi muni. Share wuri guda mai tauri, a nesa da ciyawa da juji da inda aka tara gyaɗa, a daɓe shi in da hali, a kwaso damman a kafa a can, ya fi. A kan tamfol ya fi duka, ba don shamai kaɗai ba: duk ƙwayar da ta zube tana nan, kuma riɗin na fitowa ba yashi ba tsakuwa, abin da mai saye ke fara dubawa ke nan in ya soka hannu a buhu. Amma a lura, ɗaukar riɗi ana yi ne a ranar da aka yanka, kafin ya buɗe. In ya kwana biyar a tsaye ka ce za ka matsar da shi, a hanya za ka shuka rabinsa. Tarin kuma ya zama ƙanana, dami kaɗan-kaɗan yadda rana da iska za su ratsa, ba ƙaton tari guda da cikinsa ke da duhu kamar rumbu ba. Ƙaramin tari ya fi saurin bushewa, kuma kowane kwana da ka rage riba ce.

Wata dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce kaɗewa sau biyu. Kada ka jira sai kowane kwanso ya buɗe. Da zarar mafi yawa sun buɗe, ka kife ka kaɗe ka kwashe, ka sake tsayar da damman su ƙarasa, bayan 'yan kwanaki ka dawo. Aiki ya ƙaru, amma kaso mafi tsoka ya bar gona da wuri.

A nan ne magani ke da ranarsa. Mai riɗi kadada goma ko ashirin ba shi da tamfol ɗin da zai ɗauke su, ba shi kuma da hanyar hana shi zaman mako biyu. Idan gonar ta saba da shamai, ko ya ɗaga dami a kwana na uku ya ga suna gudu, sa magani a ƙasan da za a kafa tari da kewayensa abu ne mai ma'ana. Sharuɗɗan dai su ne waɗanda na ambata: ƙasa ake yi wa, ba kan riɗi ba, da yamma, da maganin da ke da rajistar hukuma da takardarsa a jiki, a gwargwadon da aka rubuta, kuma tun kwanso bai buɗe ba. A tambayi malamin gona wanda ya dace da amfanin da za a fitar waje, domin abin da mai shago ya ce "yana da ƙarfi" ba shi ne ma'auni ba. In kwanso ya riga ya buɗe, lokacin magani ya wuce, abin yi shi ne a kaɗe yau.

Darbejiya, ko bedi kamar yadda ake ce mata a wasu wuraren, mutane na tambaya a kanta. Ruwan dakakkun 'ya'yanta da aka jiƙa ya kwana yana korar ƙwari da yawa yana kuma rage musu ci, ba ya barin guba mai daɗewa, kuɗinsa kuma ƙarfinka ne kawai. Rauninsa shi ne rana na kashe shi cikin 'yan kwanaki, sai an maimaita, kuma ba ya kwantar da ƙwaro nan take yadda manomi ke son gani. In ya taɓa ƙwayar riɗi kuma ɗacinsa na iya bi. Ga mai 'yan dammai a bayan gida, a yayyafa a ƙasa da kewaye, ya wadatar. Toka da ake zagaye tari da ita tana ɗan tare ƙananan da ba su da fiffike, raɓar dare biyu ta gama da ita. Ban hana ba, amma ba zan jingina amfanin shekara a kanta ba.

Saura rumbu, don shamai ba ya tsayawa a gona. Yana bin buhu ya shigo, ya ci gaba da tsotso a ɗaki, ya yi ƙwai a saƙar buhun. Kafin a ɗura, a sheƙe a rairaye a rana, a share ɗakin, a toshe tsagogin bango, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a ƙasashenmu tun 2007 domin wake, yana yi wa gyaɗa da riɗi aiki: in an ɗaure shi da kyau iska na ƙarewa, ƙwaron ciki ya mutu, na waje bai shiga ba. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri, kaya su bushe sarai kafin su shiga. Ɗanyar gyaɗa a cikin leda ruɓewa za ta yi.

Idan za ka auna wa kanka, kada ka kwatanta kuɗin kwalbar magani da kuɗin tamfol kawai, don a haka kwalba ce za ta ci kullum. Tamfol mai kauri in an kula da shi yana kaka uku ko fiye, yana kuma yi maka aikin wake da masara da barkono. Kwalba ta bana ce kawai, wani lokaci ma biyu. Sa kuɗin harawa a lissafin. Sa bambancin farashin riɗi mai tsabta da mai yashi. Sannan ka tambayi kanka me za a yi da amfanin. In iri ne na baɗi, ko gyaɗar da mai ɗakinka za ta matse ta yi wa yara ƙuli-ƙuli, ban ga dalilin da zai sa ta wuce kwana uku a gona ko ta ga feshi ba, ko da za a bar gero ya jira. Gero na iya jira. In gyaɗa ce mai yawa ta sayarwa, tuga kashi-kashi, gadon sanduna ga abin da hannu bai kai ba. In riɗi ne kaɗan, tamfol da kaɗewa biyu. In riɗi ne mai yawa, sharar wuri, ƙananan tari, maganin ƙasa in an ga ƙwaron, ba don an saba ba.

Ganin ƙwaron kuwa ba ya bukatar na'ura. Ka je da asuba ko bayan magariba da tocila, ka ɗaga gindin tari a wurare uku ko huɗu na gonar, har da gefen da ke kusa da ciyawa. In manya ne jefi-jefi, baƙi ne, kana da 'yan kwanaki. In ka ga ƙananan nan jajaye, an riga an yi haihuwa a ƙarƙashinka, gobe ka kira 'yan tsiga.

Gwaggona har yau tana sayen gyaɗarmu, amma ta daina yarda da bakina. Takan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga tsakiyar buhu, ta ɓare, ta ɗora ɗaya a kan takardar littafin jikanta ta danne da farcen babban yatsa, ta ɗaga takardar ta duba a rana. In tabon mai ya faɗaɗa takardar ta yi haske, sai ta ce a auna. In bai yi ba, ta tura min buhun da ƙafa ta ce in kai kasuwa, ita ba ta da itacen ɓatawa.